Daga Zumunta Zuwa Sawaba: Nazari a Kan Sunayen Ƙungiyoyin Samarin Arewa, 1939–1960

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin siyasar Nijeriya ta Arewa sun saba fara labarin gwagwarmayar samari daga ranar 8 ga Agusta, 1950, wato ranar da wasu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU. Farawa daga nan yana da hujja, sai dai yana sa a tsallake shekaru 11 da suka gabaci wannan rana, alhali a cikinsu ne aka ƙera kalmomin da jam'iyyar ta zo ta yi yaƙi da su. A cikin waɗannan shekaru, musamman na Yaƙin Duniya na Biyu, an yi ƙananan ƙungiyoyi a Zariya da Bauchi da Sakkwato da Kano. Yawancinsu ba su yi tsawon rai ba, kuma abin da suka bari wanda ya fi fitowa fili shi ne sunayensu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan sunaye, a ga yadda suka tashi daga zumunta da taɗi suka kai ga jam'iyya da sawaba. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, a ƙarƙashin mulkin da bai yarda da jayayya ba, sunan da ƙungiya ta raɗa wa kanta yakan nuna iyakar abin da za a iya furtawa a bainar jama'a a wannan lokaci. Domin a sami ma'auni, za a fara da samarin ƙasar Jamus na zamanin Hitila, waɗanda suka yi tasu turjiyar a shekarun da ake magana a kansu. Ko kusa ba a nufin mulkin Nazi da mulkin En'e abu guda ne. An kawo su ne saboda matsalar da suka fuskanta ta harshe iri ɗaya ce da ta samarin Arewa, wato yadda za a yi taro a kira shi da sunan da ba zai jawo hukuma ba tun kafin a faɗi abin da ya tara mutane.

2.0 Samarin Jamus da Sunayensu

Hitila ya karɓi mulki a watan Janairu na 1933. Zuwa 1936 an yi doka wadda ta mayar da ƙungiyar Samarin Hitila ita kaɗai ce ƙungiyar matasa ta ƙasa, a 1939 kuma shigarta ta zama tilas ga duk yaron da ke tsakanin shekara 10 da 18. Saboda haka duk wani taron samari da ba nata ba ya zama laifi, ko da kuwa yawon shan iska ne a daji ko raye-raye.

Duk da haka an sami masu turjiya, kuma iri-iri ne. A biranen masana'antu na yammacin ƙasar, irin su Kolon da Duseldof da Esen, 'ya'yan leburori sun riƙa haɗa gungu suna fita bayan gari da garayunsu, suna sauya baitocin waƙoƙin da aka sani su cusa zambo ga hukuma, suna kuma dambacewa da 'yan sintirin Samarin Hitila. Su ne aka sani da Edelweisspiraten, wato 'yan fashin teku masu alamar wani farin fure na kan duwatsu. Abin lura shi ne, jami'an 'yan sandan ciki na Gestapo ne suka fara yaɗa sunan a matsayin ba'a, daga baya samarin suka ɗauke shi suka yi ado da shi. Haka ma gungun samarin birnin Leipzig, hukuma ce ta kira su da kalmar da ke nufin garken karnuka. A watan Disamba na 1942 Gestapo ta reshen Duseldof ta tarwatsa gungu 28 masu ɗauke da matasa 739. Ranar 10 ga Nuwamba, 1944, aka rataye mutum 13 a bainar jama'a a unguwar Ehrenfeld ta Kolon ba tare da shari'a ba, cikinsu har da Bartholomäus Schink, ɗan shekara 16. A Hambug kuwa 'ya'yan masu hali ne suka bijire ta hanyar rawa da kiɗan Amurka da Ingila, inda aka kama fiye da 300 daga cikinsu a watan Agusta na 1941.

Ƙungiyar da ta fi dacewa da wannan nazari ita ce ta ɗaliban Jami'ar Munik, wadda ta kira kanta Farin Wardi. Tsakanin Yuni 1942 da Fabrairu 1943 ta fitar da takardu shida, ana buga su da ƙaramin injin hannu ana aika su ta gidan waya. Huɗu na farko sun fito ne da sunan furen. Amma ta biyar, wadda ta fito a Janairu 1943, ta ajiye furen ta kira kanta takardar ƙungiyar turjiya ta ƙasar Jamus. Wato cikin watanni bakwai sunan ya tashi daga lulluɓi ya koma fito-na-fito. Ranar 18 ga Fabrairu aka kama Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie suna watsa takarda ta shida a harabar jami'a, bayan kwana huɗu aka yi musu shari'a tare da Christoph Probst, aka fille musu kai a ranar. Sophie tana da shekara 21. Kafin shekarar ta ƙare an kashe Alexander Schmorell da Willi Graf da malaminsu Farfesa Kurt Huber.

A dararen watan Fabrairun nan, kafin a kama su, samarin ƙungiyar sun bi bangayen Munik da kwalta suna rubuta wata kalma guda da manyan baƙaƙe. Da za a fassara ta da Hausa, 'yanci za a ce. Tambayar ita ce, me Bahaushen wannan lokaci zai fahimta da an rubuta masa ita a bangon garinsu?

3.0 'Yanci Kafin Yaƙi

Asalin kalmar 'yanci daga ɗa ne, a ma'anarsa ta wanda ba bawa ba. 'Yanci shi ne matsayin ɗa, kishiyar bauta, 'yantawa kuwa ita ce ubangiji ya saki bawansa. Kalma ce ta zauren alƙali da ta cikin gida, tana magana a kan mutum ɗaya da mai shi. Ba ta da ruwa da ƙasa ko gwamnati.

Da wuya a sami inda wannan ma'ana ta fi nauyi kamar ƙasar Kwantagora. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa garin a shekarun 1860, kuma ƙarfin sarautar Sarkin Sudan ya ginu ne a kan hare-haren da ake kai wa Gwarawa da Kambari da Kamuku da Dakarkari. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau gado a 1880, ya yi suna a wannan fage har Turawa suka kafa hujja da shi suka auka wa garin a watan Janairu na 1901. Ya gudu, aka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, aka kai shi zaman gudun hijira. Amma a 1903 Turawan da suka tuɓe shi suka maido shi kan gadonsa, ya ci gaba da sarauta har 1929, ɗansa Umaru Maidubu ya gaje shi ya riƙe har 1961. Duk wanda ke son fahimtar tsarin En'e a taƙaice, to ya dubi wannan maidowa. Turawa ba su da yawan da za su tara haraji da kansu, saboda haka suka riƙe sarakuna, suka ɗaure musu gindi da bindiga, suka bar musu kotu da kurkuku da dogarai. Talaka ya wayi gari da iyayengiji biyu, kuma na biyun ya toshe masa tsohuwar hanyarsa ta guje wa na farko, wato ƙaura ko tawaye.

Game da bauta ita kanta, dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. Waɗanda ke cikin bauta kafin nan kuwa an bar su su fanshi kansu ko su nemi takarda a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan, lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939, shekara uku kacal aka yi da 'yanci ya zama na kowa a takarda, kuma a kasuwannin Kwantagora da maƙwabtanta akwai dattawa da yawa da suka san kalmar a jikinsu.

4.0 Zumunta da Taɗi

Yaƙin ne ya faɗaɗa kalmar, kuma hukuma ce da kanta ta fara faɗaɗa ta. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana kula da ita. Daga cikin dalilan kafa ta akwai kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Da aka shiga yaƙi sai ta zama babbar kafar bayyana wa mai karatun Hausa dalilin da zai sa ya ba da ɗansa soja, ya ba da gudummawar kuɗi, ya ƙara noman gyaɗa. Bayanin bai wuce cewa Hitila azzalumi ne mai son bautar da al'ummu, Ingila kuwa tana yaƙi don kada a bautar da su. Ta wannan hanya bauta da 'yanci suka fita daga zauren alƙali suka zama siffofin ƙasashe. Wanda ya koya wa yaro cewa ƙasar Folan tana iya zama baiwa, bai kamata ya yi mamaki ba in yaron ya juyo ya tambayi matsayin tasa ƙasar.

An kuwa tambaya. A watan Agusta na 1941 Churchill da Roosevelt suka fitar da Yarjejeniyar Atilantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da za ta zauna a ƙarƙashinsa. Bayan wata guda Churchill ya shaida wa majalisar Ingila cewa ƙasashen Turai da Nazi ta mamaye ake nufi. A 1943 aka kai ayarin editocin Afirka ta Yamma Ingila, cikinsu da Nnamdi Azikiwe da Abubakar Imam. Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai bisa hujjar wannan yarjejeniya, Imam ya ƙi sa hannu. Ana yawan tsayawa a nan a yi masa hukuncin ɗan-ba-ruwana, amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana illolin mulkin En'e da irin zargin da ake yi wa samari masu ilmin boko. Hanyarsa ta kai kuka ce a asirce ga wanda ya gina tsarin. Samarin da ke bayansa da 'yan shekaru sun zaɓi wata hanyar.

Abin da ya fi tunzura su ya faru ne a gida. Da Japan ta kame Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, kowane rukuni na wata huɗu, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake tara su. Sanyin tsaunin Filato da ƙarancin abinci da cunkoson bukkoki sun kashe da yawa, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Talakawa suka raɗa wa abin suna ɗiban gwamna. Ya kamata manazarcin harshe ya tsaya a kan wannan suna. Hatsi ake ɗiba, da ruwa, da ƙasa, wato abin da ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Da kalma guda jama'ar da ba su karanta kowace yarjejeniya ba suka bayyana matsayin da aka ajiye su, shekara shida bayan an ce kowa ɗa ne.

A cikin wannan yanayi ne ƙungiyoyin farko suka tsiro. Sa'adu Zungur, wanda aka haifa a Bauchi, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba, yana koyar da ma'aikatan tsabta a Zariya a farkon shekarun yaƙi. A nan ya tara samarin ma'aikata da malaman makaranta a ƙungiyar da aka sani da sunan zumunta. Zaɓen wannan kalma dabara ce babba. Zumunci wajibi ne na addini, mai yanke shi abin zargi ne, don haka babu sarkin da zai fito ya ce ya hana zumunta ba tare da ya kunyata kansa ba. Haka kuma kalmar ba ta ambaci abokin gaba ba, ba ta nemi kome daga kowa ba. A ƙarƙashinta kuwa ana karanta jaridar West African Pilot ta Legas, ana tattauna haraji da aikin tilas da halin kotunan alƙalai.

Da ciwo ya mayar da Sa'adu gida Bauchi, ya tarar da Aminu Kano, saurayi ɗan shekara 22, an turo shi koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ma yake koyarwa. A 1943 suka kafa ƙungiya mai sunan Turanci, Bauchi General Improvement Union, wato ƙungiyar kyautata al'amuran Bauchi baki ɗaya. Turancin ma wani lulluɓi ne, domin ya keɓe maganar tsakanin 'yan boko da Turawa, ya nisanta ta daga kunnen fada da na kasuwa. Amma da rubutun da suka aika jaridar Legas yana sukar ɗiban gwamna ya fito, sai hankalin babban Di'o na Bauchi, A. J. Knott, ya komo kansu. Maimakon kamu sai ya yi abin da ya fi kamu wayo, ya buɗe musu dandalin muhawara a ƙarƙashin idon hukuma, ana gayyatar manyan En'e da Turawa. Sunansa da Hausa Majalisar Taɗi.

A nan suna ya fito daga sama ne, kuma aikinsa ya bambanta da na zumunta. Taɗi hira ce wadda ba a ɗaukar mataki a bayanta, ana yin ta a tashi kowa ya kama gabansa. Kiran dandalin da wannan suna tamkar gargaɗi ne cewa abin da aka faɗa a ciki a ciki zai tsaya. Samarin ba su karɓi wannan iyaka ba. An yi muhawara a kan mulki ta hannun sarakuna shi kansa, inda Sa'adu da Aminu suka ce zamaninsa ya wuce. Kamar yadda Alan Feinstein ya kawo a littafinsa na tarihin Aminu Kano, a wani zama Aminu ya tambayi abin da ake dubawa wajen yanka albashin sarki, da aka ce nauyin aikinsa, sai ya nemi a bayyana dalilin da Sarkin Bauchi ke karɓar ƙasa da na Adamawa. Tambayar tana kama da kare mutuncin sarki, amma abin da ta tona shi ne sarki ma'aikaci ne mai albashi a hannun Bature. Ba a daɗe ba aka rufe majalisar. Taɗin da ya kai ga albashin sarki ya daina zama taɗi.

A Sakkwato ma an bi wannan salo. Ƙungiyar da Shehu Shagari da abokansa suka kafa a 1945 ta kira kanta da Turanci da sunan da bai wuce dandalin hulɗar samari ba.

5.0 Jam'iyya da Sawaba

Ƙarshen yaƙi ya sauya abin da za a iya faɗa. Sojojin runduna ta 81 da ta 82 sun dawo daga Bama sun ga Indiya tana shirin karɓar mulkinta, kuma dominsu ne Sa'adu ya tsara waƙarsa Maraba da Soja. An yi yajin aikin gama-gari a 1945, ayarin NCNC ya zaga Arewa a 1946. A wannan shekara Raji Abdallah da wasu samarin ma'aikata suka kafa NEPA a Kano, ƙungiya ta farko da ta sa siyasa a gaba ba tare da kunya ba. Martanin hukuma ya zo da sauri, aka kori wasu daga aiki, aka tarwatsa wasu da canjin wurin aiki. Raji da kansa ya rasa aikinsa, a 1949 kuma aka ɗaure shi shekara biyu bisa laifin tunzura jama'a a shari'ar 'yan ƙungiyar Zikist a Legas. Abin sha'awa shi ne, da NEPA ta durƙushe, samarin Kano sun koma tsohuwar mafaka, suka taru a ƙarƙashin Taron Masu Zumunta. Wannan ya nuna cewa sun san aikin da kalmar ke yi, suna shiga cikinta in hadari ya taso.

A 1948 aka kafa ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Zariya ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, ɗaya a Kaduna ƙarƙashin D. A. Rafih, suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yuni na 1949. Kalmar jam'iyya daga Larabci take, kuma a lokacin ba ta riga ta keɓanta ga siyasa ba, tana iya nufin kowace irin ƙungiya. Shugabannin sun yi amfani da wannan sarari suka tabbatar wa sarakuna cewa tasu ta al'adu ce, abokan gabanta kuwa uku ne: jahilci da lalaci da zalunci. Biyun farko laifin talaka ne a idon fada, don haka ba su da haɗari. Na ukun ne ke da ƙaya, domin zalunci ba ya yiwuwa sai da azzalumi, kuma an bar gurbin sunansa a buɗe. Rikicin da ya raba jam'iyyar a taron Jos na Disamba 1950, a iya cewa rikici ne a kan ko za a cike wannan gurbi.

Samarin da suka kafa NEPU, irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, sun cike shi. Sanarwar manufofinsu ta Oktoba 1950 ta raba al'ummar Arewa gida biyu, talakawa a gefe guda, masu riƙe da En'e a ɗaya gefen. Sunan jam'iyyar na Hausa kuwa Jam'iyyar Neman Sawaba. Me ya sa ba su ce 'yanci ba, alhali kalmar ta riga ta faɗaɗa? Ana iya kawo dalilai biyu daga cikin harshen. Na farko, zuwa 1950 'yanci ya fara karkata ga ma'anar tafiyar Turawa, abin da sarakuna ma za su iya so in dai mulki hannunsu zai dawo. Na biyu, neman 'yanci yana ɗauke da amincewa cewa mai neman bawa ne, kuma wannan ba abin da talaka ɗa zai so a jingina masa ba ne a ƙasar da tabon bauta bai warke ba. Sawaba kuwa, ko da yake asalinta na Larabci yana nufin abin da yake daidai, a bakin Bahaushe sauƙi ce bayan wahala, irin wadda majinyaci ke samu ko mai kaya in an sauke masa. Manomin da haraji da jangali da gaisuwar hakimi suka danne ba ya bukatar a fassara masa ita. Kalmar neman da ke gabanta ita ce sabon abu, domin zumunta da taɗi ba su nemi kome ba.

Wani abin lura shi ne, kusan duk kalmomin wannan mataki daga Larabci aka aro su, ba daga Turanci ba: jam'iyya, siyasa, zalunci, adalci, sawaba, da kuma jumhuriya da mulukiya waɗanda Sa'adu ya sa a kan waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da Arewa Jumhuriya Kawai. Wannan ya ba samarin damar jingina kukansu ga rubuce-rubucen masu jihadi, musamman Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu, wanda ya lissafa zaluncin sarakunan Haɓe. Da wuya fada ta kira mai karanta littafin Shehu ɗan koren Turawa ko na Kudu, ko da yake an kira su hakan.

6.0 Martanin Hukuma

Da lulluɓi ya yaye, hukunci ya sauya. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e ikon cusa nata mutane a mataki na ƙarshe, ya hana ta kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna. A 1953 aka ga ɓullar gungun 'yan duka a Kano masu fatattakar 'yan NEPU, waɗanda aka sani da Jam'iyyar Mahaukata. Shi ma wannan suna yana da aikinsa, domin mahaukaci ba shi da hukunci a shari'a. Kotunan alƙalai kuwa sun riƙa ɗaure 'yan jam'iyyar da yi musu bulala bisa laifin zagin sarki ko yin lacca ba izini. Hajiya Gambo ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga kurkuku sau 16 bisa ƙidayar da aka fi sani, kuma kalmar ta manne mata har ta zama sunanta, Gambo Sawaba. Matan Arewa da ta yi wa fafutuka ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976.

A nan ne bambanci da Jamus ya fi fitowa. Ɗan NEPU yana iya ɗaukaka ƙara, yana da jaridun Legas, kuma shugabansa Aminu Kano ya ci zaɓe ya shiga majalisar tarayya a 1959. Sophie Scholl ba ta sami ko kwana ɗaya tsakanin hukunci da kisa ba. Inda aka yi kama shi ne tsoron da hukumomin biyu suka nuna ga yara. NEPU tana da reshen matasa, Rundunar Samarin Sawaba, kuma yara ne ke yaɗa waƙoƙinta a lunguna. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa wadda ta haramta wa wanda bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma tanadi hukunci ga babban da ya sa shi. An ƙalubalanci dokar a babbar kotu a shari'ar Cheranci ta 1960 bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki da na taro, kotu ta tabbatar da ita.

Kalmar sawaba ba ta tsaya a kan iyaka ba. A Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauke ta ta zama sunanta, ta sami magoya baya a Maraɗi da Damagaram, kuma da gwamnatin Diori Hamani ta haramta ta a 1959, da yawa daga 'ya'yanta a Kano suka sami mafaka wurin 'yan NEPU. A can ne kalmar ta kai inda ba ta kai ba a Nijeriya. A ƙarshen 1964 samarin Sawaba da suka sami horon soja a waje suka kutsa ƙasar da makamai, aka murƙushe su cikin 'yan makonni, aka harbe wasunsu a bainar jama'a a Yamai.